Yadda na mayar da ƙasa saman benenmu

In watan Afrilu ya kama, ɗakin sama na gidanmu a Kano ba ya shiguwa. Rufin kankare ne, ya yini yana shan rana, dare ya yi ya riƙa sako mana zafin har asuba, ga wuta ba ta tsayawa balle a dogara da fanka. Soron kakanmu na cikin birni, mai azara da bangon ƙasa, bai taɓa gasa mu haka ba. Shi ya sa na ce bari in hau da ƙasa saman kankaren in shuka wani abu.

Na yi gaggawa. Leda kawai na shimfiɗa, yara suka yi ta hawa da jar ƙasa, na watsa iri. Da ruwan Agusta ya sauka, ƙasa ta toshe indararo, ruwa ya kwanta kwana biyu, silin ya jiƙe ya yi baƙi. Injiniyan da na kira ya ce, "Malam, ka auna arziki." Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 takan kai kilo 150 a kowace murabba'in mita, ni kuwa ban taɓa tambayar nauyin da rufin zai iya ɗauka ba.

Muka kwashe komai muka sake. Aka shafe kankaren da kwalta, aka ɗora leda mai kauri, sai tsakuwa, sai tsofaffin buhuna don kada ƙasa ta bi ruwa. Ƙasar ma muka gauraya ta da ɓuntun shinkafa da garin gawayi da taki, ta yi sauƙi. Bakin indararo tsakuwa zalla muka bari. Dankalin Hausa ya fi komai yi mini aiki, domin yaɗonsa kan rufe ƙasa ruf, rana ba ta ganinta. Yakuwa da lalo ma sun yi kyau. Zogale kuwa dole na tuge shi, saiwarsa ta fi ƙarfin wurin.

Abin da ban zata ba shi ne bangon yamma. Waya na ɗaura, na bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango, na sa soso ya hau. Da, bayan la'asar ba ka iya jingina da bangon nan. Yanzu ganye ya tare rana, iska na ratsawa ta bayansa, ruwan da ganyen ke fitarwa kuma yana sanyaya wurin. Kuɗinsa bai kai rabin rabin na rufin ba, amma a ɗakin yara shi aka fi ji. Zuma ma ta dawo kan furannin.

Ruwan sama kuma ya daina kwararowa lokaci guda. Ƙasar kan riƙe wani, ta saki saura a hankali, kwatar ƙofar gida ba ta cika nan take. Rage ambaliya na cikin dalilan da suka sa birnin Toronto na Kanada ya kafa dokar wajabta irin wannan rufi a manyan sababbin gine-gine a 2009, kuma duk wanda ya ga yadda unguwanninmu ke cika a damina zai so hukumominmu su duba.

Wahalar tana rani. Sayen ruwa wajen 'yan garuwa don ban ruwa ba zai ɗore ba, don haka muke tara ruwan alwala da na wanke shinkafa a bokiti, mu hau da shi da magariba. Rabin rufin nakan bar shi ya huta a ƙarƙashin busasshiyar ciyawa. Soson hunturun bana ya bushe a kan waya, na fasa shi na adana irin a kwalba, ina jiran ruwan farko.