Ba tuwo ne ke cinye albashi ba, miya ce

Mu bakwai ne a gida: ni da Malam, da yara huɗu, da ƙanwarsa da ke karatu a nan Katsina. Malam koyarwa yake yi a firamare, ni kuma ina ɗan saƙa da ɗinkin hula. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi ta. Kafin mu farfaɗo, sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka, hanyar Jibiya da ta Kongolam suka yi tsit har zuwa watan Maris na 2024. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, amma kasuwa ta riga shi isa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da na zauna na bi kuɗin cefane kwabo-kwabo, sai na ga hatsi ba shi ne babbar ɓarna ba. Kuɗin suna zurarewa ta wuri biyu: tukunyar miya da murhu. Aika yaro da la'asar ya sayo tumatir na ɗari biyu, attarugu na ɗari, manja a ƙullin leda, magi ƙwaya uku, wannan shi ne cefane mafi tsada a duniya, don kowane ƙulli da ribar mai tebur a kansa. Talaka kuwa shi ya fi kowa yin irinsa.

Na fara da roƙon Malam ya riƙa ba ni kuɗin mako a dunƙule maimakon na kullum. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Maman Abba, kar fa a kai Laraba ki ce mini sun ƙare." Na ce, "Malam, in sun ƙare ka ci tuwonka gaya, ba zan yi magana ba." Dariya ya yi ya miƙo.

Hatsi da kaka ake sayensa, wannan kowa ya sani, sai dai ba kowa ke da kuɗin buhu a hannu ba. Mu adashi ya rufa mana asiri. Na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo wajen Nuwamba, lokacin da gero da dawa da wake suka cika kasuwa. Wani ɗan'uwan Malam da ke zuwa kasuwar Charanchi yake auno mana, don tiyar ƙauye ta fi ta gari albarka. Dawa na fi saye, kaura, saboda tuwonta yana riƙe ciki kuma ba ya saki in ya kwana. Masara ta fi laushi a baki, yara sun fi son ta, amma in aka surfe ta aka bakace, a ga yawan abin da ya tafi a dusa, sai ran mutum ya ɓaci. Yanzu haɗa su nake yi, dawa biyu masara ɗaya, in kai inji sau ɗaya a niƙa na mako guda. Dusar ma ba ta faɗi ƙasa ba, kajina ke ci, tsakin kuma shi ne dambu ko fate.

Wake ne mai rigima wurin ajiya, ƙwaro ba ya ɗaga masa ƙafa. Ni ba na yarda a zuba masa maganin feshi, abin da yara za su ci ne. Shanya shi nake yi a rana ya bushe ƙarau, in ɗura a jarkar man girki da aka wanke ta bushe, in cika ta har wuya, in sa leda a baki in murɗa murfi. In iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki mutuwa yake yi da kansa. Masu buhu suna amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki, dabara ɗaya ce.

Yanzu miya, inda zancen yake. Tumatir yana araha da sanyi, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da masu noman rani na Ajiwa da Jibiya suke kwararo shi har ya riƙa ruɓewa a kwando. Da damina ta kama kuwa sai ya zama na masu kuɗi. Don haka da arahar nake sayen kwando, in yanka, in barbaɗa ɗan gishiri, in shanya a tabarma a kan rufi, iskar hunturu ta mayar da shi kauɗa. Haka tattasai, haka kuɓewa. Da damina kuma juyawa nake yi kan ganye: zogale, yakuwa, rama, tafasa, lalo, a inuwa ake shanya su don kar korensu ya gudu. Kauɗar kasuwa tana yawan zuwa da yashi, taka ta gida ka san a inda ta kwanta. In an jiƙa ta a ruwan zafi aka markaɗa da albasa, ta kan ɗan yi tsami da duhu, sai a sa mata ɗan ƙanƙanin kanwa. Ba zan yi ƙarya in ce ta kai ɗanye ba. Amma a jallof ko fate, babu wanda ya taɓa ture kwano.

Miyar kuka kuwa mutane sun raina ta ne saboda an saba yi mata riƙon sakainar kashi: ruwa, gishiri, magi, a kaɗa. Surukata, Inna, 'yar Daura ce, ita ta gyara mini hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, kuka ba ta son gaggawa a farko, ba ta son daɗewa a ƙarshe." Ana daka daddawar kalwa da citta da masoro da barkono da albasa, a zuba a ruwa da ɗan wake da aka surfe, a bar su su nuna har waken ya narke, warin daddawa ya koma ƙamshi. Sannan a rage wuta, a barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi, ta ɗan turara a sauke. Waken nan shi ke ba miyar jiki, shi ne naman. In da hali a jefa kan busasshen kifi ko ƙashin da mahauci ya kankare, na kan sa a ajiye mini da yamma lokacin da suke son tashi. Daddawa mai kyau tana rage mini magi da rabi.

Waken suya ma ya shigo gidan da ƙarfinsa. Tiya ɗaya in aka jiƙa, aka markaɗa, aka tace, aka dafa da ruwan tsami, awarar da za ta fito ta ishe mu kwana biyu. Ba na soya ta a mai da yawa kamar ta sayarwa. Yankawa nake yi ƙanana in jefa a miyar yakuwa da gyaɗa, ta tsotse romo. Autana har yanzu yana kiran ta nama, ban gyara masa ba.

Ba kullum tuwo ba, kar a ce na kashe yara da abu ɗaya. Akwai daren ɗan wake, wanda garin wake da na rogo da kuka da kanwa ne kawai, sai yaji da cokalin mai. Akwai daren dambun tsaki da zogale da ƙuli-ƙuli. In dankalin Hausa ya yi araha, faten dankali da alayyafo. Shinkafa ta koma ta ranar Juma'a, ita ma 'yar gida, garau-garau, wake ya kusa rinjayar ta.

Murhu shi ne ɗaya ramin. Gas mun bar shi don shayin safe da ɗumame, girkin dare gawayi ne. Wake in ya kwana a jiƙe, rabin gawayin da ya saba ci ya ishe shi. Ruwan tuwo da miya a jere nake ɗora su, kar garwashi ya zauna yana ci a banza, in na gama kuma in yayyafa masa ruwa in shanya, gobe ya sake aiki. Na kuma daina hura wuta sau uku a yini. Tuwon dare da yawa nake tuƙa shi da gangan, a kwashe malmala a leda, da safe a ɗumama da sauran miya, yara su tafi makaranta da abu mai nauyi a ciki maimakon burodin da ba ya kai su ƙarfe goma. Ƙanzon tukunya ma jiƙa shi ake yi a kwaɗanta da ƙuli.

Akwai abin da dabara ba ta magancewa, kuma ban son masu cewa wai komai iya tattali ne. Man gyaɗa da manja ba sa shanyuwa a rana, albasa tana da watannin da take fin ƙarfinmu, kuma wanda ba shi da rarar da zai zuba adashi, maganar sayen kaka ba ta shafe shi ba. Mu ma akan yi makon da kuɗin ke ƙarewa tun Alhamis, in an yi baƙi ko yaro ya kwanta zazzaɓi. Irin wannan makon, tuwon dawa ne da kuka a jere har Asabar, manja kuma da murfin kwalba nake auna shi.