Talatar rigakafi, da zazzaɓin da ba na sauro ba

Talata ce yau, ranar rigakafi a sha-ka-tafinmu, ga shi kuma Satumba, watan da da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da yaro a kwance ba. An kwana ana ruwa, hanya duk ta caɓe, amma kafin ƙarfe takwas rumfa ta cika da mata da goyo, wasu a benci, wasu sun shimfiɗa zani a baranda.

Kafin in gaisa da kowa sai da na leƙa firijin sola da muke ajiye magungunan rigakafi. Ma'aunin sanyi ya nuna digiri 5, alhamdu lillahi, tunda tsakanin 2 da 8 ake so. Ɗalibar da aka turo mana koyon aiki ta ɗauka iya sanyi iya kyau, sai na gaya mata Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, in ta daskare ta tashi aiki, ko da kwalbar ta yi kyau a ido. Na sa ta duba ɗan tambarin jikin kowace kwalba: muddin murabba'in ciki ya fi da'irar haske, maganin yana nan da ransa, in ya yi duhu ya saje da ita, zafi ya gama da shi.

'Yan sati shida su suka fi ba ni tausayi. Ɗigon shan inna, ɗigon rota da aka ƙaro a 2022 saboda gudawa, sannan allurai a cinyoyi biyu, uwa ta kau da kai tana salati. Duk yawan layi ba na yarda uwa ta tashi ban gaya mata cewa jiki zai iya yin zafi yau da gobe, wurin allurar ya ɗan kumbura ba. In ba a faɗa ba, yaro ya kwana yana kuka, washegari maigida ya kafa doka, shi ke nan mun rasa Penta ta biyu da ta uku. Tun ɓarkewar mashaƙo a Kano a ƙarshen 2022 dai bayanin ya yi mini sauƙi. Da na ce Penta tana kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa sai in ga an gyara zama.

Wajen sha ɗaya na bar wa ɗalibar da abokiyar aikina layin, na koma ɗakin duba marasa lafiya. Can aka shigo mini da wani yaro ɗan wata 14, uwarsa yarinya ƙarama, kakarsa ta wajen uba na biye da ita, kuma ita ce mai magana.

"Likita, maleriya ce. Ki yi masa allura kawai mu koma, mun baro aiki a gida."

"To Inna, sannunku da hanya. Bari dai mu gwada tukun."

Kwana uku yana zazzaɓi da tari. Sun riga sun je kemis, an ba su farasitamol da maganin maleriya na ruwa. Na huda ɗan yatsansa, na ɗiga jini a abin gwaji, muka zauna jira. Layi ɗaya ya fito, wato babu maleriya. Tsohuwa ta leƙa ta ce abin namu ne ya lalace, ko kuma maganin kemis ne ya ɓoye cutar. Ba haka gwajin yake ba. Yaron da ya yi maleriya, ko ya sha magani ya warke, sau da yawa sai a yi makonni gwajin yana nuna layi biyu. Layi ɗaya a irin wannan yaro magana ce mai ƙarfi.

A nan aikin namu yake, kuma a nan aka fi yin sakaci. Da damina zazzaɓi goma in sun shigo, zuciya takan ce duk na sauro ne, a miƙa Coartem, maganin maleriya, a kira na gaba. Na ce wa uwar ta ba shi nono ya lafa, don numfashin mai kuka ba ya ƙirguwa. Da ya yi shiru a cinyarta na ɗaga rigarsa, na danna agogon waya, na zuba wa cikinsa ido minti ɗaya cur. Ƙirjin yana sama yana ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Na samu 56. Na sake, 54. Ga wanda ya wuce shekara ɗaya, 40 zuwa sama ya zama saurin numfashi. Daga wata biyu zuwa shekara kuwa 50 ne. Namoniya ke nan, wato ciwon huhu, ba tare da hoton ƙirji ko wata na'ura ba.

Sa'ar da aka yi, yana kama nono, ba ya amayar da komai, bai yi jijjiga ba, idonsa a buɗe yana bin mutane da kallo. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, da takardar babban asibiti zan rubuta. Na jiƙa amoksisilin mai narkewa a cokali, uwar ta ba shi na farko a gabana. Safe da yamma, kwana 5, ko ya tashi yana wasa a rana ta biyu kada a tsaya, a dawo da shi bayan kwana uku, in kuwa ya ƙi nono ko numfashin ya ƙaru a taho ko da tsakar dare ne. Tsohuwa dai fuska ba walwala. A wurinta maganin da bai huda fata ba wasa ne.

Sai na karɓi katinsa. Penta uku cif, amma gurbin wata tara wayam: ba ƙyanda, ba shawara, ba sanƙarau. Uwar ta sunkuyar da kai ta ce sun ɗauka an gama, kuma ai masu bi gida-gida suna ɗiga masa duk zuwa. Wannan amsar na ji ta har na gaji. Tsakanin sati 14 da wata tara akwai nisa, uwa ta yi wani cikin ko ta tafi ganin gida, kati ya shige ƙasan adaka. Ɗigon gida-gida kuma na shan inna ne kaɗai, bai san ƙyanda ba. Da na ce yau za a yi masa, tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Mara lafiya za ki yi wa rigakafi, 'yar nan?"

"Inna, wanda ya isa a sallame shi ya kwana a gida, ya isa a yi masa. In ƙyanda ta same shi a kan wannan ƙirjin, ba ni ba ke sai dai addu'a. Kuma ba allura kike nema ba tun ɗazu? To ga ta."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Duk da haka sai da aka kira uban a waya, yana gona, ya ce in dai Inna ta yarda shi ba shi da ta cewa. Aka yi masa, aka ɗiga masa bitamin A, na rubuta ranar ƙyanda ta biyu da jan biro a bayan katin.

Bayan azahar aka shigo da wata yarinya 'yar shekara uku a guje, ta yi jijjiga a gida, an tura mata cokali a baki har dasashi ya fashe. Ita layi biyu ya fito tun kafin lokaci ya cika. Na kwantar da ita a gefe, na sa mata artesunate, maganin maleriya mai tsanani, ta dubura, aka nemo mai a-daidaita-sahu zuwa babban asibiti. An ba ta maganin rigakafin maleriya na damina da ake rabawa duk wata, amma na ranar farko kawai ta sha a gaban masu rabo. Na kwana biyun da aka bar wa uwa yana nan a leda, wai ɗaci gare shi. Ban yi faɗa ba, ba lokacinsa ba ne.

Kwalbar ƙyanda ta mutum goma ce, in an haɗa ta kuma awa shida ne ranta, don haka ragowar ta yau na zubar. Har yanzu akwai masu cewa kada a fasa kwalba saboda yaro ɗaya ko biyu, a ce su dawo wani satin. Ni ban yarda ba. Wadda ta ratso caɓi da goyo aka ce mata ta dawo, ba lallai a sake ganinta ba.

La'asar ta same ni ina cike rajista. Gobe fita ce zuwa rugar da ke ƙetaren fadama, in ruwa ya bari. Na sa ƙanƙarar akwatin rigakafi a firiza, saura kuɗin man babur, wanda in-caji ya ce mu yi magana da safe.