VLC, manhajar da ba na rabuwa da ita

Duk kwamfutar da ta shigo hannuna, VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, nake fara saukewa. Na san darajarta ne ranar da ƙanwata ta kawo min bidiyon bikinta a filash, na yi ta fama ya ƙi buɗuwa. Ina saka VLC sai ga amarya ta bayyana, har da guɗar gwaggonninmu.

Ɗalibai ne suka faro ta a Faransa a 1996, kuma har yau kyauta ce, babu talla ko ɗaya. Abin da ya fi burge ni kuwa, idan muryar malam ta yi ƙasa a karatun da aka ɗauka, tana ɗaga sautin ya wuce kashi 100. Ga ta ba nauyi, tsohuwar kwamfutata ma tana ɗaukarta lafiya lau.