Darussa daga rubuta tarihin ƙanjamau don talabijin

Tuntuɓen farko da marubuci ke yi idan ya zauna rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan farkon ɓullar ƙanjamau a Amurka ko Ingila shi ne ya ɗora wa jarumansa sanin da muke da shi yau. Mutanen 1981 lalube suke yi a cikin duhu. A ranar 5 ga Yuni na shekarar ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton samari biyar a Los Anjalis, duk maza masu neman maza, da wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ga masu ƙarfin jiki ba. Sunan AIDS, wato ƙanjamau, sai 1982, gwajin jini kuwa sai Maris na 1985. Ka ga ashe wanda ya sa likita a fitowar 1983 yana cewa "sakamakonka ya fito" ya kashe labarin, domin fargabar wannan zamani ita ce rashin sanin ko kana ɗauke da cutar.

Maganin wannan shi ne jadawali mai layi uku: shekara, abin da likitoci suka sani, da jita-jitar da ke yawo a gari. Duk fitowa a auna ta da shi kafin a ɗauka.

Ƙananan abubuwa su ke riƙe mai kallo. AZT, maganin farko da aka amince da shi a Maris na 1987, a lokacin ana shan sa ne duk bayan awa huɗu, dare da rana, har wasu na yawo da akwatin ƙwaya mai ƙararrawa. Yana ƙarar da jini, kuma kuɗinsa ya kai kimanin dala dubu goma a shekara. Ƙarar wannan ƙararrawa a tsakar dare ta fi dogon jawabi ratsa zuciya. Tabon dajin Kaposi kuwa, ciwon dajin da ke fitowa a fatar wasu masu ƙanjamau, ruwan makuba ne ko ƙasa-ƙasa. Mai kwalliya ya ajiye hoton inda ya sa kowane tabo, in ba haka ba sai a ga ya yi ƙaura daga wuya zuwa kunci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a cika shirin da gadon asibiti da makoki, a mance mutanen nan sun tashi tsaye. Ƙungiyar GMHC ta soma a New York a 1982 tana kula da marasa lafiyar da dangi suka guda. ACT UP, ƙungiyar masu fafutuka kan ƙanjamau, ta kafu a 1987, ta yi zanga-zanga a Wall Street kan tsadar AZT, a Oktoban 1988 kuma ta yi wa hedikwatar FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ƙawanya don a gaggauta fitar da magunguna. Mambobinta sun zauna sun karanci harhaɗa magani har suna ja da masana. A nuna wannan zaman karatun, da mata da ma'aikatan jinya da suka ɗauki ɗawainiya.

A kuma guji neman wanda za a ɗora wa laifi. Shekaru da dama ana kiran Gaëtan Dugas, wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, wanda ya kawo cutar Amurka, sai a 2016 binciken tsofaffin samfuran jini ya wanke shi: ƙwayar ta riga ta bazu a New York tun wajajen 1970.