Yadda nake koyar da soshiyal a aji mai cike da yara

Ni dai malamin soshiyal ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Kano, JSS 1 da JSS 2 nake ɗauka, kuma duk wanda ya san irin makarantunmu ya san ajin cike yake maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, firiyod ɗin minti 40 ne, kafin ka samu a yi shiru ma goma ta tafi. Abin da aka saba shi ne ka cika allo da not da Turanci, yara su kwafa, su haddace ma'anar ƙaura da ma'anar gwamnati, jarrabawa ta wuce su manta. Gsky abin yana damuna, don darasin nan a kan rayuwarsu yake, unguwarsu da kasuwarsu da kwatar ƙofar gidansu.

Da muka zo kan ƙaura sai na ba su aikin gida, na ce kowa ya samu dattijo a unguwarsu, kaka ko liman ko mai unguwa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambaye shi su wa suka fara zama a unguwar nan kuma wace sana'a suka zo da ita. Tun farko na ja kunnensu cewa tarihin unguwa nake so, ba na son kowa ya kawo mini asalin gidan wani, saboda mun san halinmu da gorin asali, magana ɗaya za ta iya haɗa gida biyu faɗa, kuma yaro ba ya manta abin da aka yi masa dariya a kai.

Wlh ranar da suka dawo ajin bai zaunu ba. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce Malam, kakata ta ce mutanen Agadasawa daga Agadas suka zo da raƙuma. Wani ya kawo labarin Zangon Barebari, wani Tudun Nufawa, wani ya ce Yarabawan Ayagi sun daɗe ƙwarai, tun kafin Turawa, wasu jikokinsu ma ba sa jin Yarabanci. Na zana da'ira a allo a matsayin badala, na sa Dala da Kurmi a ciki, kowa ya fito ya sa unguwarsu ya ja kibiya daga inda mutanen suka taso. A nan na shigar da nawa, cewa kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, fatake na zuwa daga arewa ta hamada, namu kuma na tafiya har Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su kawo goro, daga baya jirgin ƙasa ya iso, Sabon Gari ta cika da mutanen kudu. Sai na jefa tambaya: to wane ne baƙo a Kano? Aka yi ta musu, wani ya ce wanda bai iya Hausa ba, wata ta ce ai kakan kakanta ma da ya zo bai iya ba. Ban yanke musu hukunci ba, na bar su suka tafi da ita gida, washegari tun a bakin get suke tare ni da ita.

Na biyu da ya yi aiki sosai shi ne zaman kwata. Damina ce, ruwa ya shiga gidaje a layin bayan makaranta saboda magudanar ta toshe da leda, kuma muna kan matakan gwamnati uku. Na raba matsayi: mai unguwa, kansila, ciyaman, mai shago, mai sayar da fiya wata, uwar gida da ruwa ya jiƙa wa katifa da buhun masara. Sauran aji su ne jama'ar unguwa. Doka ɗaya ce, sai mai riƙe da dasta ne zai yi magana, in ba haka ba masu baki uku ne za su cinye zaman. Wadda ta fito a uwar gida ta tsaya gaban ciyaman ta ce ranka ya daɗe, lokacin kamfen har cikin gida kuka shigo, yanzu ina kuke? Aji ya ɗau tafi. Shi kuma mai unguwa ya juya ya tambaye ta ina take zubar da shararta in ruwa ya sauko, ta yi shiru. Bayan sun gaji na karanta musu abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma, har da magudanan ruwa da kwashe shara da kasuwanni da tasha da maƙabarta. Sai lissafin nan na ƙananan hukumomi 774 a Najeriya, 44 a Kano, ya zauna musu, kuma suka gane mai unguwa da dagaci da hakimi layinsu daban da na kansila da ciyaman.

Zaɓen monita ma mun mai da shi darasi, kwalin indomi ne akwati, tawadar biro a babban yatsa, ƙirge a gaban kowa. Wani ɗan takara ya raba alawa lokacin tara, su da kansu suka kawo ƙara, sai firiyod ɗin gaba ya tafi a kan sayen ƙuri'a.

Abin da na lura da shi, in ka ce dole a tattauna da Turanci to ka kashe zancen, yara biyar ne za su yi magana. Ni da Hausa muke yi, minti goman ƙarshe mu tattara abin da suka faɗa mu mai da shi not da Turanci, don BECE, jarrabawar kammala JSS 3, da Turanci za ta zo kuma ba zan cuce su ba. 'Yan mata kuma sun fi sakewa in an fara da ƙananan gurup kafin a fito gaban aji. Surutu kam akwai shi, gara ka sanar da malamin ajin kusa tun da wuri, sannan ka guji sunan jam'iyya ko ɗan siyasa mai ci, yara na kai magana gida.

Zango mai zuwa ina so na kai su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, firinsifal ya amince, saura takardar izinin iyaye da kuɗin mota, shi muke ta lissafi da PTA yanzu.