Inda bututun tukunyar jirgi ke fara tsagewa

Sana'armu gyaran tukunyar tururi ce, wadda masu masana'antu ke kira boila. Yawancin aikinmu yanzu a kamfanonin turara shinkafa da na matsar mai yake, a kewayen Kano, amma hannun da muka gada na Reluwe ne. Maigidan da ya koya mini aiki ya yi ƙuruciyarsa a Loko ta Zariya, wato ma'aikatar gyaran kawunan jirgin ƙasa, zamanin da jirage ke cin kwal ɗin Inugu. Tun da dogo ya iso Kano a 1911 jirgin kwal ke jan kaya har dizal ya zo ya ture shi, kuma tukunyar da ke cikinsa ƙirarta ɗaya da yawancin waɗanda muke gyarawa yau: wuta ta bi ta cikin bututu, ruwa ya kewaye shi ta waje.

A jirgi bututun iri biyu ne. Akwai ƙanana masu faɗin kamar inci 2, da manya masu wuce inci 5 waɗanda ake zura bututun ƙara wa tururi zafi a cikinsu. Dukkansu sun taso daga farantin ɗakin wuta zuwa farantin gaba, wajen hayaƙi. Ana cusa bakin kowanne a raminsa, a buɗa shi da rola, ƙarfen faɗaɗa bakin bututu, har ya kama, a lanƙwasa leɓen. A wannan bakin, ta ɓangaren wuta, tsaga ta fi farawa.

Dalili kuwa ƙarfe yana miƙewa da zafi. Kowace mita tana ƙaruwa da milimita 1 da ɗoriya in zafi ya ƙaru da digiri 100, saboda haka bututu mai mita 5 yakan ƙaru da kusan santimita guda tsakanin sanyi da cikakken tururi. Bututu siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, gangar tukunya kuwa mai kauri ce, tana biye a hankali. Ɗaya na turawa, ɗaya na riƙewa, wahalar duka ta taru a mahaɗa. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya, ba ta karyewa a karon farko. Mai zuba kwal da ya bar ƙofar wuta a buɗe iska mai sanyi ta bugi faranti mai zafi, ko ya antaya ruwan sanyi da yawa lokaci guda, ko ya hura wuta da gaggawa don a tashi da wuri, shi ke ƙara yawan lanƙwasar. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke kunna ƙaramar wuta tun daren jiya.

Sai ruwa, wanda a ganina ya fi komai ɓarna. Ruwa mai gishirin ƙasa yana barin farin ɓawo a jikin bututu. Ɓawon nan yana hana ruwa shanye zafi, ƙarfen ya gasu, ya yi laushi, ya kumbura ko ya tsage. Iskar da ke narke cikin ruwa kuma tana cin ƙarfe ɗigo-ɗigo, kuma daga irin waɗannan ƙananan ramuka tsaga ke samun mafari. In an cika zuba wa ruwa maganin hana ɓawo mai kaifi, ya taru a mahaɗar da ke tsiyaya, shi ma yakan sa ƙarfe ya yi gautsi. Faransa ta shawo kan wannan a shekarun 1940 da tsarin maganin ruwa na injiniya Louis Armand, daga baya Livio Dante Porta na Ajantina ya inganta shi. Mu nan ruwan burtsatse ake ɗurawa kai tsaye, ba gwaji, ba wanki a kan kari, sannan a ce ƙarfen bana ba shi da kyau.

Mu masu gyara ma muna da namu kason. Wanda ya matsa rola fiye da kima ya sirantar da bakin bututu, ya taurara shi, wani lokaci har ya tsaga ɗan ƙarfen da ke tsakanin rami da rami a faranti, gyaran da ya fi na bututu tsada nesa ba kusa ba. Walda mai kauri a leɓe ita ma tana riƙe zafi ta tsage.

Abin da ke haɗa ni da masu kamfani shi ne su ce, “Malam, ɗan ɗiga masa walda mu ƙarasa wannan odar.” Ba na yi. Walda a kan tsaga rufe ta kawai take yi, tana nan tana tafiya a ƙasa, kuma yaran da ke zuba ƙaiƙayi ne a bakin wutar in ta fashe. Muna zare bututun, mu duba ramin da maƙwabtansa, mu sa sabo. Bayan haka a cika tukunya da ruwa, a matsa ta da famfo har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi, mu bi baki-baki da tocila. In ba a ga danshi ba, sai mu ba da izinin kunna wuta, ƙarama tukuna.