Wasiƙa daga Arizona: kafin ku fesa soso a ƙarƙashin kwano

Assalamu alaikum, jama'ar Katsina ta Dikko ɗakin kara. Ina gaishe ku daga birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda neman abinci ya ajiye ni shekara bakwai ke nan. Yaya zafi? Na san tun da Afrilu ya kama an fito da tabarmi tsakar gida, ɗakuna sun gagari kwana, mai ƙanƙara kuma ya zama sarki a kowace unguwa.

Ƙanena da ke gini a bayan Ƙofar Ƙaura ne ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. Wani mutum ne cikin fararen kaya yana fesa ruwa a cikin rufi, ruwan yana tashi yana kumbura har ya cike ko'ina, ya zama soso mai tare zafi. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, ba aikinku ba ne wannan? Don Allah ka sayo mana injin, a fara da ɗakin Hajiya, in ya so mu mai da shi sana'a." Bayan shi mutum uku sun yi mini irin wannan tambaya, ɗaya daga Daura. Shi ya sa na ga gara in amsa a bainar jama'a, kowa ya ji.

Aikina ne, kuma da shi nake ci da iyalina. Sinadarin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Sunansa foliyuretan, wani Bajamushe mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa shi a 1937, kuma katifar soson da kuke kwana a kai danginsa ce. Na feshi yana zuwa ne a durom biyu, kowane da ruwansa daban. Inji ya ɗumama su, ya tura su ta tiyo biyu da ƙarfin gaske, ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar feshi. Iri biyu ne. Akwai mai tauri, wanda ƙwayoyin kumfarsa a rufe suke ruf, irin wanda ke cikin bangon firji da kular ƙanƙara. Akwai mai laushi, wanda ƙwayoyinsa a buɗe suke, suna ratsa juna kamar soson wanka. Wannan mai laushin shi ne a bidiyon ƙanena, shi ya fi araha, shi kuma ya fi ɗaukar ido domin yana kumbura kusan ninki 100. Mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa bai wuce kilo 8 ba, na mai taurin kuwa ya kai kilo 32. Wajen tare zafi, inci ɗaya na mai tauri ya kusa yin aikin inci biyu na mai laushi.

Ba na manta Yulin 2023, lokacin da garin nan ya yi kwana 31 a jere zafin rana yana kai digiri 43 ko ya wuce. Tun kafin asuba muke fita, domin da hantsi ya yi, sararin da ke tsakanin rufi da silin ya zama tanderu. Sai ka shiga da rarrafe, an rufe ka tun daga ka har ƙafa, fuskarka cikin takunkumin gilashi, iskar da kake shaƙa ta tiyo take zuwa daga waje. Ka danna bindiga, ruwa ya fita siriri kamar fenti ya manne da katako. Kafin ka ƙirga biyar ya taso kamar madara a kan wuta, yana huci, da ɗumi in ka kai hannu kusa. Kafin ka matsa gaba ya tsaya, fari-fari, da tudu da kwari kamar ƙullin fanke da ya kwana. Wata rana bayan mun gama rabin rufi na ɗora tafin hannuna a kan katakon da ba mu kai ba, ban iya barinsa daƙiƙa uku ba. Na matsa na dafa inda muka fesa, sai na ji kamar na dafa matashin kai. A lokacin ɗakin Hajiya ne ya faɗo mini a rai, da yadda silin ɗinta ke huro wuta bayan azahar. Saboda haka na fahimci ƙanena sarai, ni ma na yi wannan kwaɗayin.

Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gidan Ba'amurke da katako ake yin sa, a toshe kowace kafa, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa. Soson ba ya kawo sanyi. Aikinsa ya hana zafin waje shigowa da sauri, ya hana sanyin da na'ura ta yi ficewa. A ɗakin bulo da siminti da ba na'ura, zai rage muku wutar da kwano ke saukarwa da rana, wannan gaskiya ne. Amma bangon da ya wuni yana shan rana zai amayar da zafinsa ciki da dare, kuma rufin da a da yake saurin hucewa bayan isha'i yanzu an lulluɓe shi. In ba taga biyu masu kallon juna, tsugune ba ta ƙare ba.

Babban abin da ke damuna shi ne ruwa. Mai laushin nan yana shan ruwa ya riƙe. Kowa ya san kwanonmu: ramin ƙusa, mahaɗar falle da falle, wurin da iskar farkon damina ta ɗaga aka mayar aka danne da dutse. A yanzu in ya yi yoyo, za ka ga tabo a silin, ka tara bokiti, gobe ka kira kafinta. In an fesa soso, ruwan Agusta zai shige ciki ya kwanta jikin kwano da katako, kai kana ƙasa ba ka da labari, tsatsa da ruɓa suna aikinsu. Ko ba yoyo, tururi yana ratsa shi ya kai jikin ƙarfe mai sanyi da asuba ya zama raɓa. Shi ya sa a nan, in ginin ƙarfe ne, galibi mai tauri ake fesawa. Na taɓa zuwa wani gida da aka kira mu cire aikin da wasu suka yi shekarun baya. Da muka ɓamɓare wani yanki sai ga shi jagab, baƙi ƙirin ta baya, na sa ɗan yatsa a katakon ya lotsa kamar dafaffen rogo. Daga ƙasa kuwa fes yake, babu alamar komai. A Ingila ma irin wannan matsala ta sa bankuna da dama suna ƙin ba da bashin sayen gidan da aka fesa wa rufi, domin mai duba gida ba ya iya ganin halin da katakon ke ciki. Kuma ranar da iska ta yaye muku falle biyu, kafinta zai tarar an manne komai da komai.

Sai gara. Ba ta cin soson, amma tana huda shi ta yi hanya a ciki cikin sauƙi, a ɓoye, har ta kai katako. Mu da muke gane zuwanta ta layin jar ƙasa a jikin bango, in an rufe mana wannan alama, sai dai mu ji rufi ya sauko.

Maganar wuta kuwa ba ta wasa ba ce. Abin nan yana ci da wuta, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, har da sinadarin sayanaid a ciki. Dokar gini a nan ba ta yarda a bar shi a fili a inda mutane ke zama ba, sai an rufe shi da allon jifsam mai kaurin rabin inci, wanda zai tare wuta na minti 15 mutane su samu su fita. Ku ɗaga silin ɗin gidajenmu ku duba wayoyi: an haɗa, an naɗe da salatif, ɓera ya ɗanɗana, wutar kuma in ta zo wani lokaci da ƙarfi take zuwa. Silin ɗin roba da ake yayi yanzu ba zai tare komai ba. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a Maris 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ku haɗa da al'adarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki da hunturu. Ɗakin da aka toshe wa kowace kafa, hayaƙin gawayi ba shi da mafita, kuma ba ya wari balle ya tashi mai barci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da za a ba bindigar. Ɗaya daga cikin ruwan biyu, aisosayanet, sananne ne wajen haddasa asma ga masu aiki da shi. Akwai wani abokin aikina, ƙaƙƙarfan mutum, da yake yawan ɗage takunkumi in zafi ya ishe shi. Yau ko warin durom ya ji daga nesa ƙirjinsa sai ya riƙe, dole ya bar sana'ar. Na san yadda za a yi a gida: a samo yaro ɗan shekara 18, a ɗaura masa ƙyalle a hanci, a ce in an tashi ya sha madara. Madara ba ta wanke huhu. Mu nan, masu gida ma sai sun fita, galibi sai bayan awa 24 suke dawowa. In kuma injin bai haɗa ruwan biyu daidai wa daida ba, ko durom ya lalace, soson ba ya nuna yadda ya kamata, warinsa ya zauna a gida wata da watanni, maganinsa sai an kankare. Durom ɗin nan ba ya son zafi, ajiyarsa ma galibi wata shida ce. Ku lissafa zamansa a tashar jirgin ruwa ta Legas, da tafiyarsa a bayan tirela cikin rana har Katsina, da jiransa a shago.

Ban ce ba shi da wuri a ƙasarmu ba. Ofis ko ɗakin shan magani mai sola da na'urar sanyaya ɗaki, rufinsa lafiyayye, wayoyinsa cikin bututu, zai ga amfaninsa a kuɗin wuta. Mai laushin yana da kyau ƙwarai wajen kashe ƙara, don haka mai ɗakin naɗar murya ko wanda janaretan maƙwabci ya hana barci zai ji daɗinsa a cikin bango. Ɗakin ajiyar kifi ko ƙanƙara kuwa mai tauri yake so. Duk waɗannan da sharaɗin ƙwararre ne ya yi, da kayan kariya na gaske.

Mun tashi a ɗakin soro na kakanmu a cikin gari, ginin tubali da rufin azara, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar bakin randa. Ba zan ɓoye ba, da dare a bazara waje muke kwana, kuma kowace shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa. Amma maginan da suka tsayar da hasumiyar Gobarau ɗaruruwan shekaru sun san cewa kauri yana jinkirta zafi, ƙaramar taga a sama tana fitar da shi. Da muka koma kwano mun bar wannan, ba mu sa komai a gurbinsa ba, silin kawai muka kafa muka rufe iska mai zafi a samansa.

Ga abin da na faɗa wa ƙanena game da ɗakin Hajiya. A fara gyara yoyo. A wanke kwanon a shafa masa farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙin kwano da jan da ake yayi kuwa sha suke yi. A buɗe kafofin iska ta gefe biyu a tsakanin kwano da silin, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsu. A shimfiɗa audugar gilashi, wato shimfiɗar zaren gilashi mai tare zafi, a bayan silin, wadda in an so duba waya ko katako ɗagawa kawai za a yi, a sa safar hannu da takunkumi wajen shimfiɗawa don tana ƙaiƙayi. A fasa taga ta biyu a bangon arewa. Bedin da ya ce zai sare ta yamma da ɗakin don ya faɗaɗa gareji, na roƙe shi ya bar ta, na ce ni zan biya kuɗin karkatar da ginin. Gidan da yake ginawa kuwa tunda ba a kai linta ba, na ce a ƙara layi biyu na bulo, ɗakin ya yi tsayi.

Ya ce zai ɗauki ma'aunin zafi ya rataye a ɗakin, ya rubuta abin da ya nuna da ƙarfe uku na rana har mako guda kafin a taɓa komai, sannan ya sake bayan an gama. In ya turo mini zan sanar da ku. Ina sa ran zuwa gida da babbar salla in Allah ya yarda, kuma duk mai sana'ar rufi da ke son mu zauna mu duba wannan magana, ƙofar gidanmu a buɗe take.

A gaida Hajiya, a gaida mutanen unguwa. Allah ya kawo damina mai albarka.

Naku,
ɗan uwanku a Finiks